Tambaya da Amsa: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Kasuwar Injinan Jiragen Ruwa Masu Gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni makaniki ne, na shafe shekaru goma sha takwas ina gyaran manyan injinan mota, musamman masu silinda takwas, kuma garejina ya tsaya da ƙafarsa. Ni da abokan hulɗata biyu mun tara jari, muna son shiga kasuwar injinan jiragen ruwa masu tsananin gudu, irin waɗanda ƙarfinsu ya kai doki 300 zuwa sama. Sai dai ra'ayinmu ya rabu. Ɗaya daga cikinmu yana ganin mu nemi zama dilolin wani babban kamfani, ni kuwa ina ganin mu riƙa sayen injinan mota muna sauya su su dace da ruwa, mu sa musu sunanmu, tunda ƙara wa inji ƙarfi shi ne aikin da na fi ƙwarewa a kansa. Idan muka fitar da injin da ya fi na kowa ƙarfi, ashe masu saye ba za su zo da ƙafarsu ba? Muna neman shawararka kafin mu sa hannu a kan komai.
Daga wani makaranci

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da wasiƙarka, kuma na ji daɗin cewa kun tsaya neman shawara tun kuɗin suna hannunku. Zan fara da tambayar da ka rufe da ita, domin a nan nake ganin haɗarin yake. Masu saye ba za su zo don kawai injinka ya fi na kowa ƙarfi ba, kuma akwai waɗanda suka bi wannan hanyar kafin ku, da ƙwarewa da kuɗi masu yawan gaske.

A shekarar 2011 wani ƙaramin kamfani na jihar Wisconsin ta Amurka mai suna Seven Marine ya kai wani injin rataye, wato irin wanda ake maƙalawa a ƙeyar jirgi daga waje, bikin baje kolin jiragen ruwa na Miami. Ƙarfin injin doki 557 ne, a lokacin da mafi girman injinan rataye na Yamaha da Mercury suke tsaye a doki 350. Dabarar da suka yi ita ce daidai wadda kake tunani: sun ɗauko injin mota na General Motors mai silinda takwas da lita 6.2, irin wanda ake sa wa wata mota ƙirar Cadillac, mai na'urar cusa masa iska, suka sauya shi ya dace da ruwa. Daga baya ma sun kai shi doki 627. Masu kuɗi sun saya, sunan kamfanin ya zagaya, har Volvo Penta na ƙasar Suwidin ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2017. To, amma me ya biyo baya? Yamaha ya fito da mai doki 425 a 2018, Mercury Racing, sashen tsere na Mercury, ya fito da 450R mai doki 450 a 2019, sannan a watan Fabrairun 2021 Mercury ya fito da mai silinda goma sha biyu da doki 600. Kafin wannan na ƙarshe ya iso, a ƙarshen 2020, Volvo Penta ya riga ya sanar da cewa zai daina ƙera injinan Seven Marine, yana mai cewa zai karkata ga rage hayaƙi da kuma injinan da ake girkawa a cikin jirgi. A fahimtata, abin da ƙaramin kamfanin ya yi shi ne ya tabbatar wa manya cewa akwai kasuwa a wurin, su kuma suka zo suka same shi da dubban diloli, da sito cike da kayan gyara, da makanikan da suka horar tun shekaru aru-aru.

Ko tsohon suna ma bai tsira ba. Evinrude ya samo asali ne tun 1909, lokacin da Ole Evinrude ya fara sayar da injin ratayensa. Kamfanin OMC da ke riƙe da sunan ya durƙushe a watan Disambar 2000, kuma cikin abubuwan da suka kai shi ƙasa har da wata sabuwar fasahar fesa mai da ya fitar domin cika dokar hayaƙi, wadda ta riƙa ba da matsala a hannun masu saye, biyan garanti ya yi ta cinye kuɗi, aminci kuma ya zube. Bombardier na Kanada ya sayi sunan a 2001, ya gyara fasahar, ya yi shekaru yana fafatawa, amma a watan Mayun 2020 kamfanin BRP, wanda ya gaji sunan daga Bombardier, ya dakatar da ƙera injinan gaba ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu bari mu zo kan aikin hannu, inda na san za ka fi saurin fahimtata. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Motar da ke tafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya ɗan kaɗan take amfani da shi daga ƙarfin injinta, tana samun gangara ta huta, tana sauya giya injin ya sarara. Injin jirgi ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ka ɗauka mota ce ɗauke da kaya tana hawan tudun da ba shi da ƙarshe, mafi yawan lokaci da giya ɗaya tal, kuma da zarar direba ya saki totur jirgin zai zauna cikin ruwa kamar an taka birki. Injinan rataye na zamani suna juyi tsakanin 5,000 da 6,000 a minti idan an buɗe musu wuta, kuma mai jirgi yana iya riƙe su kusa da hakan na tsawon awa guda ko fiye. Mai doki 300 yana shan kimanin lita 100 na fetur a awa a irin wannan yanayi, kuma duk zafin da wannan man ya haifar sai ya bi ta kan fistin da bawul da baƙin mai. Injin da ka ƙara wa ƙarfi a gareji, wanda yake nuna bajintarsa na daƙiƙa goma a kan titi sannan ya huta, zai gamu da jarrabawar da ba a taɓa yi masa ba. Ƙari a kan haka, idan jirgi mai gudu ya hau igiyar ruwa ya yi tsalle, farfela takan fita daga ruwa injin ya zabura babu kaya a kansa, sannan ta faɗa ruwa ta cije a lokaci guda. Wannan bugun yana sauka ne a kan haƙoran giya da sandar farfela, sau ɗaruruwa a tafiya ɗaya.

Sauya injin mota ya zama na ruwa kuwa aiki ne mai rassa. Babu lagireto a jirgi, don haka ko dai a jawo ruwan da jirgin ke kai ya zagaya cikin injin, ko a yi masa rufaffen zagaye da ruwan waje ke sanyayawa ta cikin wata na'urar musayar zafi. Bututun hayaƙi dole ne ruwa ya lulluɓe shi, domin ƙarfe mai jan wuta a cikin rufaffen ɗakin inji gobara ce. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan gangara ya kwanta a gindin jirgi inda ba shi da mafita, shi ya sa sitata da janareton caji da duk wani abu mai tartsatsi ake yin su a rufe ta yadda ba za su kunna shi ba. Sa sitatar mota a jirgin fetur wasa ne da rayukan mutane. Sannan ga gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan kashi 3.5 cikin ɗari, kuma idan ƙarfe iri biyu, misali alminiyam da baƙin ƙarfe mara tsatsa, suka haɗu a cikinsa, sai su zama tamkar batir, ɗaya ya riƙa narkewa a hankali.

Akwai wani inji da na taɓa tsayawa a kansa ana kwance shi, kuma har yau ina tuna shi. Wani gwanin makanikin mota ne ya haɗa shi, aikinsa tsaf, babu abin kushewa a ido. Ya sa masa kamshaf irin na tseren mota, wanda ke barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare na ɗan lokaci mai tsawo. A kan na'urar auna ƙarfi injin ya ba da abin da ake so har da ƙari. Amma a kan ruwa, duk lokacin da aka bar shi yana aiki a hankali a bakin gaɓa, sai ya riƙa zuƙo ruwan da ke sanyaya bututun hayaƙi yana mayar da shi cikin silinda. Da muka ɗaga kan injin, bawul ɗin fita biyu na baya sun yi jawur da tsatsa, bangon silinda ya yi zane-zane, sandar awon baƙin mai kuwa ta fito da wani abu fari-fari mai kauri. Injin bai cika awa arba'in a ruwa ba. Mutumin ya san inji ƙwarai; ruwa ne bai sani ba tukuna, kuma mai jirgin bai sake komawa wurinsa ba.

Wani abin da sababbin shiga ke rainawa shi ne farfela. Duk ƙarfin da ka tara a cikin inji ta waɗannan fukafukai uku ko huɗu zai isa ruwa. Ana auna farfela da faɗinta da kuma tazarar da za ta ci a juyi ɗaya, a inci, kuma ƙarin inci ɗaya a wannan tazarar yakan rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200 a minti. Idan ta yi wa injin nauyi, zai kasa kai juyin da aka ƙera shi a kai, ya riƙa wahala har ya ƙona fistin. Idan ta yi masa sauƙi, zai wuce iyaka. Ɗaga injin ko sauke shi da rami ɗaya a ƙeyar jirgi yana iya sauya gudunsa, da shan mansa, da yadda yake riƙe ruwa a kwana. Na ga jirgin da mai shi ya ƙudurta sayen babban inji saboda ya ƙi ɗagowa ya hau saman ruwa idan an yi masa lodi. Muka kwana biyu muna gwada farfela huɗu, ana rubuta juyi da gudu da shan mai a kowane zagaye, aka ɗaga injin rami ɗaya, jirgin ya tashi sumul da injinsa na da. Wanda ya iya wannan aikin yana da abin sayarwa ko da bai taɓa ƙera inji ba.

Sai batun doka, wanda shi kaɗai ya isa ya sauya lissafinku. Ranar da ka sauya inji ka manna masa sunanka, a idon hukuma kai ne maƙerinsa. Amurka ta fara ɗora ƙa'idar hayaƙi a kan injinan rataye na fetur daga ƙirar 1998, jihar Kaliforniya tana da nata tsarin na taurari da ake liƙawa a jikin inji, Tarayyar Turai kuma tana da dokar jiragen shaƙatawa ta 2013 wadda ta shafi hayaƙi da ƙara, kuma sai an cika ta ake samun tambarin CE, wato shaidar da ke ba da damar sayarwa a kasuwarta. Injinan dizal da suka haura kilowat 130 suna shiga ƙarƙashin ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya kan hayaƙi mai guba na naitirojin oksayid. Kowace takardar shaida tana bukatar gwaji a ɗakin bincike da aka amince da shi, kuma gwajin injinan fetur ana yin sa ne a matakai biyar na gudu, inda aiki a hankali ke ɗaukar kashi 40 cikin ɗari na makin, cikakkiyar wuta kuma kashi 6 kacal. Ma'ana, injin da aka tsara don ya yi fice a ƙololuwar gudu kaɗai yana iya faɗuwa a inda makin ya fi yawa. Kamfanin da ke sayar da dubun dubatar injina yana raba kuɗin wannan gwaji a kansu har ba a jin nauyinsa. Ku da za ku sayar da ashirin a shekara, a kan ashirin ɗin zai sauka. Haka nan inshora, da alhakin abin da zai faru idan inji ya mutu da mutane a tsakiyar teku.

Ka kuma tambayi kanka wane ne ainihin mai saye. Yawancin sababbin jirage suna barin masana'anta da injinsu a ɗaure, don haka maƙerin jirgi ne ke zaɓar inji, ba wanda zai hau ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. Brunswick, wanda ya mallaki Mercury tun 1961, shi ne kuma mai kamfanonin jirage irin su Boston Whaler da Sea Ray, Yamaha kuma yana da Skeeter. Sauran maƙera da yawa suna da yarjejeniyar shekaru da kamfani ɗaya. Bugu da ƙari, injin yau ba ya zuwa shi kaɗai: yana zuwa da sitiyarin lantarki, da totur mai aiki da waya, da allon da ke nuna lafiyarsa, da sandar da ake juya jirgi da ita a matsattsen wuri, duka suna magana da kwamfutar inji. Maƙerin da ya saba da tsarin kamfani ɗaya, ya horar da ma'aikatansa a kai, ba zai sauya don ƙarin doki hamsin ba.

Waɗanda suka samu shiga a 'yan shekarun nan ta ƙananan ƙofofi suka bi. Cox na Ingila da OXE na Suwidin sun lura cewa sojojin ruwa, da masu aikin ceto, da jiragen da ke hidima ga manyan jirage ba sa son ajiye fetur saboda haɗarin gobara, sai suka ƙera injinan rataye na dizal masu kai wa doki 300. Duk da haka Cox ya shafe fiye da shekara goma yana bincike kafin ya fara fitar da injinsa kasuwa a 2020. Ilmor, wanda ya yi suna a tseren motoci, ya shigo ta tseren jirage da wani inji mai silinda goma da ya samo asali daga motar Dodge Viper, daga baya ya zama mai samar wa kamfanin jirage na MasterCraft injina. Kowannensu ya nemi mai sayen da manya ba su biya wa bukata ba, ya tsaya a kansa.

Abin da ake saye a wannan kasuwa shi ne tabbacin cewa inji zai kai mutum ya dawo da shi, domin wanda motarsa ta mutu yakan tsaya gefen hanya ya nemi taimako, wanda injin jirginsa ya mutu kuwa iska da igiyar ruwa ne ke yanke masa inda zai nufa. Carl Kiekhaefer, wanda ya kafa Mercury a 1939, ya fahimci wannan sarai. A 1957 ya sa aka ɗaura injinansa biyu ƙirar Mark 75 a jirage a wani tafki na jihar Florida da ya laƙaba wa suna Lake X, aka yi ta zagaye dare da rana, ana zuba mai jirgi na tafiya, har aka cika mil 50,000, wato kimanin kilomita 80,000, cikin kwana 68 da ɗoriya. Doki 60 kacal kowane injin yake da shi. Awannin da suka jure su ne tallar.

Saboda haka ra'ayin abokinka ya fi kusa da daidai, amma kada ku ɗauki dilanci a matsayin hutu. Kamfani zai bukaci ku sayi adadin injina da kayan gyara tun farko, ku mallaki kayan aikinsa na musamman da manhajar binciken kwamfutar inji, ku tura makanikai horo, kuma aikin garanti da za ku yi shi ne zai ƙayyade awannin da zai biya. Injin da ya kwana a sito jari ne a ɗaure, idan kuma da bashi aka saye shi, kuɗin ruwa na hawa kansa kowane wata, ga shi cinikin jiragen shaƙatawa yana bin yanayin shekara kuma shi ne farkon abin da mutane ke jinkirtawa idan tattalin arziki ya yi tsanani. Kafin ku sa hannu, ku nemi a rubuta muku iyakar yankinku da ko za a iya naɗa wani dila a cikinsa, da kwanakin da kayan gyara ke ɗauka kafin su iso, da wanda zai ɗauki injinan da suka rage idan yarjejeniya ta ƙare. Ku ba lauyan da ya san harkar ya karanta muku. Ku kuma guji injinan da ake shigo da su ta bayan fage da araha, domin kamfani yana iya ƙin amsa garantinsu, kuma ranar da suka lalace ƙofarku mai saye zai buga.

Da ni ne a matsayinku, da gyara da ɗaura inji zan fara, ina mai da hankali kan masu jiragen aiki: masu sintiri, masu jigilar fasinja da ma'aikata, masu kamun kifi a nesa. Su ne ke tara awanni da yawa a shekara, su ne ke sauya tsohon inji da sabo a jirgin da suke da shi, kuma a nan ne maƙerin jirgi ba shi da ta cewa. Idan suka ga kana ɗaga waya ranar da suka lalace, kana da kayan gyara a kan kanta, za su kawo maka 'yan'uwansu. Burinka na ƙera naka injin kuma kada ka binne shi. Ka ware masa kaso kaɗan na jarin da za ku iya rasawa ba tare da kasuwancin ya girgiza ba, ka haɗa inji ɗaya, ka sa a jirgin gwaji naku, ka tara masa ɗaruruwan awanni a ruwan gishiri da cikakken lodi, kana rubuta komai, sannan ka kwance shi ka auna kowane sashe. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In kuma da hali, ɗayanku ya halarci bikin baje kolin kayan jirage na METSTRADE da ake yi a Amsterdam a watan Nuwamba, ko na birnin Düsseldorf na Jamus a watan Janairu, domin a can za ku ga masu ƙera giya da farfela da na'urorin sanyaya inji ido da ido, ku ji sharuɗɗansu daga bakinsu.

TAMBAYA: Injiniya, ni 'yar kasuwa ce, kuma ana ta ba ni shawarar in zuba jari a injinan jirage masu aiki da lantarki, wai tunda fagen sabo ne manyan kamfanoni ba su riga kowa ba. Shin haka ne, kuma lantarki zai iya ba da gudu irin na fetur?
Daga wata makaranciya

AMSA: Hajiya, gudun kam yana bayarwa, matsalar ita ce tsawon lokacin da zai riƙe shi. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kimanin wat-awa 12,000, kilo ɗaya na batirin litiyam mai kyau kuwa kimanin 250. Gaskiya ne injin lantarki yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ya sha zuwa aiki, na fetur kuwa bai cika wuce kashi 30 ba, amma ko bayan an cire wannan, tazarar ta haura ninki goma. Ki duba lissafin da kanki: doki 300 daidai yake da kusan kilowat 220, don haka batir mai kilowat-awa 100, wanda nauyinsa bai gaza kilo 400 ba, zai ƙare cikin ƙasa da rabin awa idan aka buɗe wuta gaba ɗaya. Jirgi mai gudu kuwa babu abin da ya ƙi kamar nauyi.

Shi ya sa waɗanda suka yi nisa a fagen, irin su Candela na Suwidin, suka koma ga sauya jirgin kansa, suka sa masa fukafukai a ƙarƙashi da ke ɗaga gangar jikinsa sama da ruwa domin rage turjiya. Jiragen gasar E1 ta tseren jiragen lantarki, wadda aka fara a Jidda a watan Fabrairun 2024, su ma haka suke. Batun cewa manya ba su iso ba kuwa, ba daidai ba ne: Yamaha ya sayi kamfanin Torqeedo na Jamus, mai ƙera injinan jirage na lantarki, a 2024, Mercury kuma yana da ƙananan injinansa na lantarki masu suna Avator. Inda nake ganin lantarki yana da riba a yau shi ne gajeriyar hanya sananniya, wadda jirgi ke zuwa ya dawo wuri ɗaya da ke da abin caji, da kuma tafkunan da aka hana injin mai. Duk wanda ya zo miki da tayi, ki nemi ya nuna miki minti nawa jirgin ke yi a cikakken gudu da cikakken lodi, awa nawa yake ɗauka a caji, da kuma wanda zai ɗauki nauyin sauya batir idan ya tsufa. Ki nemi a gwada a gabanki, a kan ruwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan koyo ne a garejin mota, shekarata ta uku ke nan, kuma ina sha'awar komawa gyaran injinan jirage masu gudu. Ba ni da jari. Da me zan fara?
Daga wani matashi

AMSA: Ɗana, rashin jari ba zai hana ka ba, domin wannan sana'a tana bukatar hannun da ya iya aiki, kuma diloli da yawa su ke ɗaukar nauyin horar da yaran da suka ga suna da natsuwa. Ka nemi gurbi a wurin dila mai lasisi ko da a matakin ƙasa ne, saboda a can ne kawai za ka taɓa littattafan gyara na kamfani da manhajar da ke karanta kwamfutar inji. Ka ƙarfafa iliminka na wayarin da karatun zanen lantarki, domin kaso mai yawa na matsalolin injin zamani daga waya mai tsatsa da mahaɗin da gishiri ya ci suke tasowa. Ka koyi iyo, ka kuma saba da sa rigar ceto da ɗaura igiyar kashe inji a jikinka duk lokacin da aka fita gwaji.

Ƙananan ayyukan da za a fara ba ka, kada ka raina su. Idan an ce ka sauya farfelar roba ta famfon ruwa, ka duba tsohuwar: in fukafukanta sun ƙone ko sun karye, an tayar da injin babu ruwa, kuma dole ka nemo gutsattsarin da suka ɓalle kafin su toshe hanyar sanyaya. Idan kana zubar da man giya, ka tara na farko a farin mazubi. In ya fito fari-fari, ruwa na shiga ta wani sil, wato zoben roba mai hana yoyo, sau da yawa saboda zaren kamun kifi da ya naɗe a bayan farfela ya yanka shi, don haka ka cire farfelar ka duba. Guntayen ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafar inji domin su narke a madadinsa, ka sauya su idan rabinsu ya tafi, kada ka taɓa shafa musu fenti, kuma ka tambayi mai jirgi a wane ruwa yake aiki, domin na maganiziyam na ruwan daɗi ne, na zinki na ruwan gishiri, na alminiyam kuma yana aiki a duka biyun. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta lambar kowane injin da ka taɓa, da awanninsa, da abin da ka gani, da abin da ka yi masa, ka riƙa kai wa maigidanka yana sa hannu a ƙarshen kowane wata.